Abota da Mai Buƙata ta Musamman da Zafin Rabuwa

Idan ka ratsa unguwannin Gombe da hantsi, kamar Jekadafari ko Bolari ko Pantami, za ka tarar yara sun tafi makaranta, manya sun nufi kasuwa. Amma a wani zauren akwai wanda ba ya zuwa ko'ina. Wataƙila saurayi ne da cutar shan inna ta taɓa tun yana ƙarami, ko dattijon da ya rasa ganinsa. Mutane suna wucewa, wasu su miƙa masa kuɗi, amma kaɗan ne suke zama su yi hira da shi. Wannan darasi zai bayyana maka yadda ake ƙulla abota da irin wannan mutum, da abin da ya sa rabuwa da shi take da ciwo.

Me ke Kawo Kaɗaici?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida a duniya yana da wata nakasa. Sau da yawa ba nakasar ce take tsare mutum a gida ba. Kwata marar murfi da matakala mai tsawo suna hana mai keken guragu shiga makaranta ko asibiti. Wasu iyayen kuma sukan ɓoye ɗansu saboda gudun maganar mutane.

A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu nakasa bambanci, a 2020 kuma aka kafa hukumar ƙasa mai kula da al'amuransu. Doka tana iya tilasta a gyara ƙofar ofis, amma ba ta iya sa maƙwabci ya zauna ya yi hira. Wannan aikinka ne.

Yadda Ake Ƙulla Abotar

Hausawa sun ce, zumunta a ƙafa take. Saboda haka fara da zuwa. Yi sallama, ka gaishe shi, ka kira shi da sunansa. Kalmomin "gurgu" da "makaho" da "kurma" Hausa ce, amma ba sunan kowa ba ne, kuma a yau an fi son a ce "masu buƙata ta musamman". Idan ya girme ka, ce masa Yaya ko Malam ko Baba.

Kada ka taimaka sai ka tambaya. Idan ba ya gani, faɗi sunanka da isowarka, ka kuma sanar da shi in za ka tashi, don kada ya ci gaba da magana shi kaɗai. In za ku yi tafiya, bari shi ya riƙe hannunka, kada ka ja shi. Idan ba ya ji, fuskance shi sosai, ka yi rubutu, ko ka koyi maganar hannu. Idan a keke yake, nemi wuri ka zauna, domin ku zama daidai.

Mafi muhimmanci, ka karɓi abin da shi ma zai ba ka: labari ko shawara ko barkwanci. Mai sadaka yana bayarwa ya wuce, aboki kuwa yana bayarwa yana karɓa.

Ranar Rabuwa

Abota takan yanke ta hanyar ƙaura ko saɓani ko mutuwa. A ce ka shekara biyu kana biyawa ta zauren nan bayan an tashi makaranta. Wata rana ka iso, sai ka tarar da tabarmi a ƙofar gida, mutane suna zaune jugum. Daga ranar, duk lokacin da ka bi hanyar sai ka ji ƙafarka tana neman tsayawa.

Wasu za su ce maka, "Ai ya huta," ko kuma, "Ka yi ƙoƙari, ka sami lada." Da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma maganar ba za ta kwantar maka da hankali ba, domin su marar lafiya suka gani, kai kuwa aboki ka rasa. Shi ya sa Hausawa suke cewa, sabo ake yi wa kuka. Kana iya zargin kanka saboda ranakun da ba ka je ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, kuma hawaye ba abin kunya ba ne.

Je ka yi wa iyalinsa ta'aziyya. Ana cewa, "Ya haƙuri?" su amsa, "Da godiya." Sai ka ƙara da, "Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙurin rashi." Faɗa wa mahaifiyarsa wani abin kirki da ka koya daga gare shi, domin za ta so ta ji cewa ɗanta ya yi aboki. Kada kuma ka riƙe damuwar kai kaɗai. Gaya wa iyayenka ko malaminka. Idan ƙaura ce ta raba ku, nemi lambar waya. Idan saɓani ne, riga shi neman sulhu, domin kai kana da inda za ka je, shi kuwa wataƙila kai kaɗai yake jira.

Tambayoyi

1. Kawo abubuwa biyu da suke tsare mai nakasa a gida.
2. Mene ne bambancin mai sadaka da aboki?
3. Bayyana ma'anar "sabo ake yi wa kuka".
4. Rubuta gajeriyar wasiƙar ta'aziyya zuwa ga mahaifiyar abokinka.