Ko ka san wayarka na gane inda kekenka yake ko babu data?

Da yawa daga cikin masu fara hawan keke da nufin yin nisa sun ɗauka sai da data waya ke nuna wa mutum inda yake. Ba haka abin yake ba. Ɗigon nan mai motsi a kan taswira da saƙon da ke zuwa daga sararin samaniya ake lissafo shi, kuma kyauta ne. Matashin da ya bar kasuwar Malanville a arewacin Jamhuriyar Benin ya nufi Guéné a kan hanyar Kandi, ko layinsa ya ɗauke tsaf, wayar ta san inda ya kai.

Tsarin da ke wannan aiki shi ne GPS. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, suka harba tauraron ɗan'adam na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Aƙalla taurari 24 ne ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne na zagaya duniya sau biyu a kullum. Da farko da gangan ake gurɓata wa farar hula saƙon, sai a watan Mayun 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina. Yau Rasha na da GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma yawancin wayoyin zamani na sauraron fiye da ɗaya.

To, ta yaya ake gane wuri? Kowane tauraro na ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta sanar da lokaci da kuma inda yake. Waya ba ta aika masa komai, saurare kawai take yi. Kamar yadda manomi ke ganin walƙiya ya jira tsawa ya ƙiyasta nisan hadari, haka wayar ke auna jinkirin isowar saƙo ta gane nisanta da tauraron. Idan ta ji daga taurari huɗu, lissafi ya cika. Saƙon na gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa zai kauce da kai mita 300. A fili irin na kwarin Kogin Kwara, inda babu dogayen gine-gine, kuskuren ba ya wuce 'yan mitoci.

Abin da ke cin data shi ne taswirar kanta, kuma a nan zaɓen manhaja ke da muhimmanci. Google Maps na barin ka sauke taswirar yanki tun kana gida, amma idan babu intanet hanyar mota kaɗai take zana maka. OsmAnd da Organic Maps kuwa suna sauke ƙasa sukutum, su fitar da hanyar keke ba tare da layi ba. Dukansu biyu na dogara da OpenStreetMap, taswirar da Steve Coast ya fara a Ingila a 2004, wadda 'yan sa-kai ke zanawa. Mazaunin kan iyaka ya sauke ta Benin da ta Nijar tare, domin Gaya na tsallaken ruwa ne kawai. Ita kuwa manhajar Strava aikinta ajiye tarihin tafiya, nisa da gudu da lokaci.

Kafin ka sa kuɗi a na'urorin GPS na Garmin ko Wahoo masu tsada, ka san cewa akwai ƙaramin ma'aunin gudu mai araha da bai san da zaman wani tauraro ba. Maganaɗisu ne ake liƙawa a ƙafar gaba, na'urar na ƙirga juyawarta. Ƙafar keke mai inci 28 na cin kusan mita 2.2 a juyi ɗaya, daga nan ake fitar da nisa da gudu.

Babban abokin gabar waya a Malanville shi ne rana. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a watan Afrilu zafin garin kan haura 40. Wayar da aka ɗaure a kan keke fuskarta a kunne za ta ɗau zafi, batir ya zube, wataƙila ta kashe kanta. Gara ta zauna a jaka tana faɗa maka kwana da murya, ka tsaya a inuwa idan za ka duba.

Sai dai duk wannan fasaha tana da iyaka. Tauraro ya san inda kake, bai san halin da hanya take ciki ba. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 an rufe gadar Malanville zuwa Gaya, jama'a suka koma ƙetarawa da kwale-kwale, amma a kan taswira gadar na nan daram. Haka taswira ba ta sanin cewa da damina ruwa ya shanye 'yar hanyar da ta ratsa fadamun shinkafa, ko cewa yankin gandun dajin W, ta wajen Karimama, na fama da matsalar tsaro. Wannan labari yana bakin mai faci da direbobin tasha da masu kai albasa kasuwa. Matambayi ba ya ɓata.

Saboda haka sabon mahayi ya fara da wayar da ke aljihunsa. Ya sauke taswira, ya cika caji, ya sanar da na gida inda ya nufa. Kuɗin da ya yi niyyar zubawa a na'ura ya fi amfani idan ya sayi birki mai kyau, fitila, famfo da kayan faci, domin waɗannan ne za su dawo da shi gida lafiya.