Rairayin da ya maƙale a fentin Monet

A gidan adana zane-zane na National Gallery da ke Landan akwai wani ɗan ƙaramin zane na Claude Monet, faɗinsa bai kai rabin mita ba. Mata biyu ne zaune da laima a bakin tekun Trouville, a yankin Normandi na Faransa, ɗaya cikin farar riga, ɗaya cikin baƙa. Wanda ya matsa kusa zai ga ƙwayoyin rairayi maƙale a fentin. Iska ce ta watsa su tun fentin yana ɗanye, a 1870, shekarar da Monet ya auri Camille, wadda ake ganin ita ce mai farar rigar.

Rairayin nan shaida ce cewa a waje aka yi aikin, ana kallon teku. A da, galibin masu zane sukan ɗauki ɗan zayyana a waje, su koma ɗaki su yi makonni suna gyara. Fita da fentin mai wahala ne, don a mafitsarar alade ake ɗure shi. Sai a 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun ƙarfe mai matsuwa, irin na man goge baki. Mai zane Eugène Boudin, ɗan garin Honfleur, shi ya ja Monet tun yana saurayi zuwa zane a fili.

Bakin teku kuwa ba ya jiran kowa. Gajimare na wucewa, ruwa na hawa yana sauka, launin wurin duka ya sauya kafin a wanke burushi. Fentin mai kuma ba ya bushewa da wuri, domin man sai ya haɗu da iskar da muke shaƙa yake daskarewa, abin da ke ɗaukar kwanaki. Dole mai zane ya ɗora ɗanye kan ɗanye. In ya yawaita shafawa, launuka su cakuɗe su koma ruwan laka. Shi ya sa Monet yake ajiye fenti da kauri, shafa ɗaya, ya bar ta. Farar rigar Camille 'yan shafe-shafe ne masu faɗi, fuskarta kuma tana cikin inuwar laima, da ƙyar ake ganin idanu.

A wurin inuwa na fi ganin gwanintar Monet. Mun saba ɗauka inuwa baƙa ce. Amma wurin da rana ba ta kai ba, hasken sararin sama ne ke sauka a kansa, don haka inuwar da ke kan rairayi takan ja zuwa shuɗi. Masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul ya bayyana tun 1839 cewa launi biyu da ke maƙwabtaka suna sauya yadda ido ke ganin kowannensu. Shuɗin inuwa kusa da rawayar rairayi sai ya sa ranar ta ƙara zafi a ido, ba tare da an ƙara farin fenti ba.

Masu sukar zamanin sun ce irin wannan zane aiki ne da ba a gama ba, kuma haka suka faɗa a baje kolin da Monet da abokansa suka shirya a Faris a 1874. Ban yarda da su ba. Da Monet ya koma ɗaki ya fito da idanun Camille dalla-dalla, da ya zana abin da ya sani game da fuskarta, ya bar abin da idonsa ya gani a cikin ƙyallin rana.