Kare a keji, maigida a kasuwa: awa nawa zai iya jira?

Tambayar ta zo mana ne daga wani mai sauraronmu ɗan Ader, wanda ke sayar da albasa a Adjamé, yake kwana a Treichville. Ɓarayi sun taɓa shiga masa gida, sai ya samo kare, ya sa mai walda ya haɗa masa keji na ƙarfe. Da dare ya sake shi a tsakar gida, da asuba ya mayar da shi ya kulle, ya kama hanyar kasuwa. Yanzu karen ya rame, maƙwabta na ƙorafin haushinsa da rana, ranar nan kuma ya kai wa yaron da ke miƙa masa ruwa cafka. Yana son ya san awa nawa ya kamata kare ya yi a kulle.

To, ɗan'uwa, ga amsar tun kafin mu yi nisa: awa huɗu a jere, da rana. Shi ne ma'aunin da ƙungiyar kare haƙƙin dabbobi ta Ingila, RSPCA, wadda aka kafa tun 1824, take ba masu karnuka. Babban kare mai lafiya yana iya kaiwa awa shida idan dole ta kama, amma wannan na ranar da abu ya faru ne, ba na kullum ba. Kwikwiyo kuwa lissafinsa daban yake. Kowane wata guda na haihuwarsa ka ba shi awa guda: ɗan wata biyu awa biyu, ɗan wata uku awa uku. Tsohon kare da marar lafiya su ma ka sa su a layin kwikwiyo.

Yanzu ƙirga naka yinin. Ka fita bayan sallar asuba, ka tsallake gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle, ka ratsa Plateau, ka shiga Adjamé. Tazarar ba ta kai kilomita 10 ba, amma duk wanda ya taɓa tsayawa jiran bas ɗin SOTRA ko woro-woro da yamma ya san kilomita ba ita ce magana ba. Ka rufe wajen ƙarfe shida, ka yi lissafi da yara, ka faɗa cunkoso, ka iso gida wajen isha'i. Awa 13 ko 14 ke nan. Ka ga ka ninka ma'aunin sau uku, har da ɗori.

Na san abin da makiyayi zai ce a nan, domin mun sha ji. Zai ce ai ragon layya yakan yi wata da watanni a turke, bai mutu ba, ƙiba ma yake yi. Gaskiya ne. Amma duba yadda rago yake rayuwa a turken. Inda yake tsaye nan yake fitsari, nan yake zubar da kashi, ya kwanta ya yi tuƙa, babu abin da ya dame shi. Kare ba haka aka halicce shi ba. Tun yana ƙarami ba ya son ɓata makwancinsa, yakan tashi ya je gefe. Idan ka kulle shi a wurin da tsawonsa bai wuce jikinsa ba, matse fitsarin zai yi ta yi. Babban kare yana buƙatar fita fitsari sau uku zuwa sau biyar a yini. Wanda ake sa shi riƙewa kullum daga asuba zuwa isha'i, marar sa ce ke biya: ciwon mafitsara, fitsari kaɗan-kaɗan da zafi, wani lokaci har da jini. In kuma ya kasa riƙewa ya saki a ciki, sai ya yini kwance a kan ƙazantarsa, ƙuda su taru, fatar ciki da ta ƙafafu ta fara salewa. Da ka kwatanta shi da rago, gara ka kwatanta shi da maraƙi a dangwali, wanda ko makiyayin da ya fi kowa sakaci ya san akwai lokacin kwance shi.

Abu na biyu shi ne zafi, kuma a nan ne mutanenmu na arewa suka fi ruɗuwa. Wanda ya taso a Tawa ko Maraɗi, inda ma'auni ke wuce 42 a watan Afrilu, idan ya zo Abijan ya ji ana cewa 31 ko 32, dariya zai yi. Sai dai zafin Abijan da danshi yake tafe. Ga teku a kudu, ga lagun ya kewaye Treichville, iskar a jiƙe take, danshinta kan wuce kashi 80 cikin ɗari. Ka tuna randa. A gida ruwan randa yana sanyi ne saboda busasshiyar iska na tsotse raɓar da ke tsattsafowa a jikinta. Ka tuna kuma wankin da za ka shanya a Madawa ya bushe kafin ka gama shan shayi, a Treichville ya yini bai bushe ba. To harshen kare randarsa ke nan. Shi ba ya zufa a jiki kamar ni da kai, sai ɗan abin da ba a rasa ba a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, iska na busar da yawun harshensa da na maƙogwaro. Idan iskar da kanta a jiƙe take, haki ba ya yi masa aiki sosai. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 38 ne da 39. In ya haura 41, ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta sun shiga haɗari, kuma abin ba ya ɗaukar dogon lokaci.

Karen ruga ya san dabarar kansa. Rana ta take, ya shige ƙarƙashin ƙaya, ya tona ƙasa har ya kai mai sanyi, ya shimfiɗa cikinsa. Inuwa ta gusa, shi ma ya gusa. Na keji ba shi da wannan zaɓin. Kai kuma da duhu ka fita, da duhu ka dawo, ba ka taɓa ganin inda rana take faɗawa a gidanka da ƙarfe ɗaya ba. Lungun da ka gani da inuwa da sassafe yana iya zama tanda da azahar, balle keji mai rufin kwano a jikin katangar siminti. Ka samu wata Juma'a ko Lahadi ka zauna gida, ka sa hannunka a rufin kejin da tsakar rana. In hannunka bai iya daɗewa a kai ba, ka samu amsarka.

In ka taɓa tarar da shi yana haki ba ƙaƙƙautawa, yawu mai kauri na dalala, dasashi ya yi jajir, yana tangaɗi ko amai, kada ka tsaya tambaya. Fito da shi inuwa, ka kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki, musamman ciki da hammata, ka yi masa fifita. In yana iya sha, ka ba shi kaɗan-kaɗan. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, buhun riƙe zafin yake yi. Daga nan sai wurin likitan dabbobi, ko da ka ga ya miƙe.

Ruwan sha kuma, kare mai nauyin kilo 20 yana buƙatar sama da lita guda a yini, a lokacin zafi ya ninka. Ƙaramin kwanon da kake ajiye masa, juyi ɗaya zai yi ya kifar da shi tun hantsi. Sa roba mai faɗi a cikin tsohuwar taya, ba za ta kife ba. Damina ma da nata. Watan Yuni ne ruwa ya fi ƙarfi a Abijan, waɗanda suka ga ambaliyar Yunin 2018 ba sai an gaya masu ba. Kejin da ke zaune a ƙasa a gidan da ruwa ke kwanciya, maigida yana kasuwa, tarko ne. Ɗora shi a kan bulo.

Tun da mai tambayar albasa yake sayarwa, bari in ɗan ratse. Albasa guba ce ga kare, ɗanya ko dafaffiya, tana lalata masa jini a hankali. Ragowar garba da kuke kwasowa, wato aceke da soyayyen kifin nan da ake cewa daga sunan mutanenmu masu sayar da shi ya samo suna, cike take da yankakkiyar albasa da barkono da ƙaya. Ku tsince kafin ku zuba masa.

Sai maganar da wasu ke yi, wai kullewa ce ke sa kare zafi, wanda ba ya ganin mutane shi ya fi gadi. Zafi kam yana yi. Amma zafin wa zai ci? Ɓarawo sau nawa yake zuwa a shekara? Wanda ke gilmawa gaban kejin kullum ɗanka ne, da ɗan maƙwabci, da matar da ke zuwa ɗibar ruwa a famfo. Karen da ya yini a matse, yara na zungurarsa da kara ba shi da wurin gudu, ranar da ƙofa ta buɗe ba ya tantance kowa. A birnin Denver na Amurka an yi bincike a kan karnukan da suka ciji mutane, aka wallafa shi a 1994, aka ga wanda ake ɗaurewa da sarƙa a gida ya fi wanda ba a ɗaurewa cizo kusan ninki uku. Gadi na gaskiya a wurin karen da ya san mutanen gida yake, wanda zai yi shiru ga naka, ya ɗaga murya ga baƙo. Haka na ruga yake, kuma babu wanda ya taɓa kulle shi. A gidan haya irin na Adjamé da Treichville, inda ɗakuna goma ke kallon tsakar gida ɗaya, cizo guda ya isa ya haɗa ka da mai gida da 'yan sanda, kai kuma baƙo ne a ƙasar mutane.

Ta fuskar addini ba sai na tsawaita ba. An yi sassauci a ajiye kare don kiwo da farauta da tsaro, kuma kowa ya ji labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Sauran bayani malaminku ya fi ni.

To yaya za a yi, tun da kasuwa ba za ta tashi da azahar don karenka ba? A raba yinin. A samu mutum ɗaya da karen ya saba da shi, ƙaninka ko maigadi ko babban yaro mai hankali, ba ƙaramin yaro ba, ya fito da shi da hantsi, ya sake fito da shi da la'asar, ko minti 20 ne, ya yi fitsari, ya miƙe ƙafa, a canza masa ruwa. Ɗan abin da za ka riƙa ba shi bai kai kuɗin allurar cizo ɗaya ba. Kafin ka fita da asuba kai ma ka zaga da shi, kare da ya gaji barci yake yi, dama rabin yininsa a barci yake ƙarewa. In gidan naka ne kai kaɗai, ko kana da bayan mangaza, ka manta da keji, ka kewaye masa wani yanki da waya, mai inuwa a gefe ɗaya da ƙasa a ɗaya gefen inda zai yi bayan gida. A irin wannan wurin zai iya yini, in dai ana leƙa shi. In ɗaurewa ta zama dole, ka ja doguwar waya tsakanin ginshiƙai biyu, ka zura zobe, sarƙar ta riƙa tafiya da shi. Abin wuyan ya zama wanda yatsunka biyu za su shiga, ba zarge ba, kuma kada ka ɗaure shi kusa da katangar da zai iya tsallakewa ya rataye. Kejin kansa, na ɗan lokacin da za a sa shi, ya zama zai iya tsayuwa kansa bai taɓa rufi ba, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafafu. Ƙasan ya zama katako, ba sandunan ƙarfe ba.

Ranar da za ka tafi arewa lodi, Galmi ko Ƙonni, mako biyu ba ka nan, wannan ba maganar keji ba ce kuma. Ka damƙa shi hannun wani da sunansa, ka bar masa kuɗin abinci. Cewa "mutanen gida za su duba" shi ne yadda karnuka ke mutuwa da ƙishirwa a gidan da ke da mutum talatin. In ka duba duk ba ka da wanda zai yi maka ko ɗaya daga cikin waɗannan, ni dai shawarata ka sayi ƙofar ƙarfe da kwaɗo mai kyau, ka mayar da karen inda zai samu fili.

Ku kuma masu gangarowa da raguna zuwa kasuwar dabbobi a Abijan gabanin layya, ku bar karen a ruga tare da sauran garken. Kwanakin da zai yi a bayan mota, da makonnin da zai yi ɗaure a gindin turke cikin wannan danshin, ba zai amfane ku da komai ba, ga shi a kan iyaka ana iya tambayarku takardar rigakafinsa.

Rigakafin nan kuwa na haukan kare ne, ana fara shi tun kwikwiyo yana wata uku, a riƙa sabuntawa yadda likita ya rubuta a takarda. Ƙiyasin da hukumar lafiya ta duniya take bayarwa shi ne cutar na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma da zarar alamunta sun bayyana babu magani. Saboda haka mai tambaya, ka duba jikin yaron nan da kyau. In haƙori ya taɓa fata, ko ƙwarzane ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, kada a ɗaure, kada a tura masa gashin karen ko toka. A kai shi cibiyar rigakafin haukan kare ta INHP, tana nan Treichville kusa da kai, a ranar, ba sai an tashi kasuwa ba. Karen kuma kada a kashe shi, kada a kore shi. A tsare shi, likitan dabbobi ya riƙa duba shi na kwanakin da zai faɗa maka.