Zuwa Wuni Tarkwa Bay

Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san ranar da uwar gida za ta tafi wuni. Tun jajibere ake jin abin a jikin gidan. An wanke kayan yara an goge, an daka yaji an ƙulla, an nemo sabulu ko turmin atamfa na tsaraba, an kira mai adaidaita an ja masa kunne ya zo da hantsi, ya kuma dawo bayan la'asar. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, wataƙila daga Fagge ne zuwa Gwale, amma ƙa'idarta ba ta canzawa: a gidan mutane za a ci, a sha, a yi salla, a ɗan kishingiɗa, sai dai ba a can za a kwana ba.

Maza sukan yi wa wannan shiri dariya. To, su ɗin ne za ka gani ranar Lahadi ko washegarin Salla a bakin ruwa a Legas, mutanen Agege da Idi-Araba da Obalende, wannan da kular abinci a hannu, wancan da darduma a hammata, yara na jan rigarsu, suna jiran jirgin fito zuwa Tarkwa Bay. Wuni za su, ko sun yarda ko ba su yarda ba.

Tarkwa Bay wani lungun rairayi ne a bakin mashigin da manyan jirage ke bi su shiga tashar Legas, a hannun yamma, daura da Victoria Island. Babu titin mota da ya kai can, sai ta ruwa, kuma wannan ne ya mayar da tafiyar wuni. Wanda ya je bakin teku a Lekki da motarsa, in rana ta dame shi sai ya tayar ya koma, in ya yi mantuwa sai ya aiki yaro. Wanda ya tsallaka ruwa kuwa ya shiga hannun masu gida da hannun mai fito. Abin da ya bari a gida ya baru.

Shi ya sa mai hankali yake yin shiri irin na matan da yake wa dariya. Ruwan sha ne na farko. Ga ruwa iya ganinka, amma ba na sha ba ne. Gorar ruwa da lemo da ƙanƙarar da ake sayarwa a can, jirgi ne ya ɗauko su daga gari, wani ya sauke su a ka ya ratsa rairayi da su, saboda haka in an faɗa maka kuɗinsu kada ka ce an cuce ka. Kuɗin fitonsu na ciki. Alwala dai ba matsala, malamai sun daɗe da sanar da mu cewa ruwan teku mai tsarki ne, sai dai wanda ya kurkure baki da shi sau ɗaya zai tuna da butarsa. Sai tsabar kuɗi ƙanana, sai kayan canji na yara, domin babu yaron da za ka ce wa "ƙafa kawai za ka tsoma" ya tsaya a ƙafa.

Ana tashi daga CMS a Marina, ko daga Falomo a Ikoyi, ko daga ƙananan tashoshin Victoria Island. Jiragen ƙanana ne masu inji a baya, ko ka jira su cika ko ku yi shata ku kaɗai in kuna da yawa. Kafin ka zauna za a miƙo maka rigar kariya. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, LASWA, wadda aka kafa a 2008, ta wajabta sa ta, kuma a nan ne nake ganin wani irin girman kai da ban gane kansa ba. Mutumin da ya tashi a Katsina ko Damagaram, wanda ruwa mafi zurfi da ya taɓa shiga shi ne kududdufin bayan gari da damina, shi ne zai ɗora rigar a kafaɗa bai ɗaure ba, wai kada ta yamutsa masa shadda. Rigar da ba a ɗaure ba, da zarar ka faɗa ruwa ita ce za ta fara fita ta bar ka.

Tsallaken kansa minti goma sha biyar ne zuwa ashirin. Dogayen gidajen Marina na raguwa a bayanka, Apapa na hannun dama da ƙugiyoyinta na sauke kwantena, Victoria Island na hagu. In babban jirgi ya gifta, igiyar da ya bari takan ɗaga naku ta doka shi ƙasa, ka ji salati ya tashi daga kowace kusurwa, har daga bakin mai shaddar nan.

Gidan da ake zuwa wuni, ba don baƙi aka gina shi ba, kuma kowane gida da labarin yadda aka yi ya tsayu. Kafin ƙarni na 20, bakin mashigin Legas tudun rairayi ne a ƙarƙashin ruwa, yau yana nan gobe ya gusa, igiya na karyewa a kansa. Manyan jirage ba sa iya shiga. Sai su tsaya can cikin teku, ƙanana su kwaso mutane da kaya, wasu kayan ma sai an kai su Forcados an sauya musu jirgi. Turawan mulkin mallaka suka riƙa ɗauko dutse a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta suna jibgewa, har suka miƙa katanga biyu cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma, suka yashe tsakaninsu. A 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya shigo har cikin tasha. Shekara uku kafin nan, a 1911, layin dogo ya isa Kano, kuma ba a daɗe ba gyaɗa da fata da ƙirgi suka fara gangarowa kudu. Ta wannan ƙofa suka fita zuwa Turai. Wanda kakansa ya yi noman gyaɗa a Gaya ko Gumel, in ya zauna a kan duwatsun nan yana kallon jirage, yana kallon hanyar da gumin gidansu ya bi ne.

Ba wanda ya yi niyyar yi wa mutanen Legas wurin shan iska. Duwatsun ne suka tare ƙarfin teku, ruwa ya samu lungu a bayansu ya kwanta, shi ne yau yara ke fantsama a ciki. Amma tsakar gida ba ta yin fes sai an kai sharar wani wuri. A wannan gaɓa igiya kullum tana tura rairayi ne daga yamma zuwa gabas. Da katangar yamma ta tsaya masa a hanya, sai ya taru a wannan ɓangare, ɗaya ɓangaren kuma ya daina samun rabonsa. Bar Beach, bakin tekun da Legas ta fi ji da shi a da, haka ya yi ta zaizayewa shekara da shekaru, har teku ta riƙa hawowa titin Ahmadu Bello Way tana shiga harabar ofisoshi. Yau babu shi. A gurbinsa aka ciko rairayi daga ƙasan teku aka kafa Eko Atlantic, wanda kake hangowa a tsallake kana zaune a Tarkwa Bay.

Da jirgi ya dunguri rairayi, ka naɗe wando ka diro, masu gida sun taso. Wannan ya karɓi kula, wancan ya nuna maka rumfa, wani ya fasa maka kwakwa, wata na gasa kifi a gefe. A nan ne kwatancen ke ɗan ɗingishi, domin ƴar'uwarka ba ta karɓar kuɗin tabarmar da ta shimfiɗa maka, a nan kuwa shiga da kuɗinta, kujera da kuɗinta, inuwa da kuɗinta. Ni dai ban ga abin fushi ba. Wadda ta je wuni hannu rabbana, ta ci kaza ta tashi, ba za a ce mata komai ba, amma za a riƙe abin a zuci. Tsaraba ce aka yanke mata farashi. Abin da kawai ya kamata shi ne a yi ciniki kafin a zauna, ba bayan an miƙe ƙafa ba.

Baƙo mai ladabi yana zama inda aka ajiye shi, ba ya kutsa kai ɗakin da ba a nuna masa ba. Tarkwa Bay na da irin wannan ɗaki. In ka zagaya bayan duwatsun ka nufi yamma, za ka fito Lighthouse Beach, wanda ya samo sunansa daga tsohuwar hasumiyar da aka gina a ƙarshen ƙarni na 19 don haska wa jirage hanya. Rairayin ya fi faɗi, mutane sun fi ƙaranci, ya fi kyau a hoto. Amma can teku ce tsagwaronta, babu katangar da ta tare ta, kuma ruwan da ya hau gaɓa yakan koma da ƙarfi ta wata kwararo da ido ba ya gani, ya ja mutum ciki ko da ruwan iya ƙugunsa ne. Baƙo kuma yakan ruɗu in ya ga yaran wurin a kan allunansu suna hawan igiya, suna juyi kamar ba komai. A cikin ruwan nan suka tashi. Ɗan gida ya san inda rijiya take ko da duhu.

Abin da ya fi damuna da wuni irin wannan shi ne ƙarancin abin da baƙo ke gani. A gidan ƴar'uwa ma, ɗakin da aka share aka turara kake gani. Ba ka ganin bashin da aka ci don kazar, ba ka jin rigimar da aka yi da mai gidan haya shekaranjiya. Bayan rumfunan Tarkwa Bay akwai gari, masunta da masu fito da masu awo, mutanen da aka haifa a wurin. Kusa da su kuma akwai Atlas Cove, inda jiragen dakon mai ke sauke fetur, bututu ya ɗauke shi zuwa cikin ƙasa. A watan Janairu na 2020 sojojin ruwa suka tashi mazauna wurin, dubban mutane. Hukuma ta ce ɓarayin mai sun mayar da yankin maɓoya, suna fasa bututu. Mazauna suka shaida wa ƴan jarida cewa ɗan ƙanƙanin lokaci aka ba su su tattara, ana harbi sama, kuma an gan su a tashar CMS da katifu da tukwane ba su san inda za su nufa ba. Fasa bututu laifi ne mai cin rai, ba wanda ke musun haka. Amma kama ɓarawo daban, rushe unguwarsa da tsofaffinta da jariranta daban. Daga baya an sake buɗe wurin, baƙi suka dawo, kiɗa ya tashi, kuma da yawa cikin masu zuwa yau ba su san an yi ba. Wanda ya je wuni gidan da aka yi rashi, ko bai san mamacin ba, ai yakan tambayi ya aka ji da haƙuri.

Sai kwanuka. Baƙi na tafiya, su ke jiran mai gida. A nan kwanukan su ne leda da gorar roba da ƙashin kifi da tsumman jarirai da aka tura ƙarƙashin rairayi da ƙafa. Gaskiya ba duka ba ne na ƴan wuni. Magudanan Legas na zuba a tafkinta, tafkin kuma ƙofarsa zuwa teku ita ce wannan mashigi, don haka ledar da aka jefa a kwata a Mushin kan iya ƙarewa a gaban rumfarka. Wato har wanda bai taɓa zuwa ba yana barin wanke-wanke. Wannan ba hujja ba ce ta ka ƙara naka. Buhun da ya kawo abinci yana iya komawa da shara.

A gidan ƴar'uwa, da an yi la'asar ake fara jan zance.

"Bari mu tashi, Yaya, yamma ta yi."

"Haba, tun yanzu? Ai ko hira ba mu yi ba. Ku bari a yi magariba mana."

Ana haka har a yi isha, in ta kama a shimfiɗa wa yara tabarma a kira maigida a ba shi haƙuri. Ruwa ba ya wannan kara. Hukumomi sun hana ƙananan jirage tafiyar dare, kuma da dalili: ba fitilar kirki, ga guntayen itace da tarkace na yawo, ga ciyawar ruwa da ke naɗe farfelar inji a ƙarshen damina, ga manyan jirage da ba sa ganin ka. Matsalar ita ce kowa yamma yake so, lokacin da rana ta yi sanyi, iska ta yi daɗi. Sai kowa ya tashi lokaci guda, a cika bakin ruwa, kuɗin fito ya hau, jirgin mutum ashirin a ce akwai wurin mutum ɗaya, sannan wani ɗayan. Mu da muke jin labaran kifewar jirage a Kebbi da Neja kusan kowace damina, bai kamata a tsaya yi mana bayanin lodi ba. In ka ga an wuce ƙima, ka sauka ka jira na gaba, ko da za a kira ka matsoraci.

In shata kuka yi, ku karɓi lambar mai jirgin, ku sa lokaci tun rana na sama, kuma kada ku biya shi kuɗin dawowa sai ya dawo. Ku bar ragowar ruwan sha da ɗan abin taɓawa a jaka, domin minti ashirin ne zuwa CMS, amma daga CMS zuwa Agege da yammacin Lahadi, da yara masu gishiri a jiki da rairayi a kai, nan ne tafiyar take.