Sarƙaƙiyar Manhajar Git da Buƙatar Keɓaɓɓun Kalmomin Hausa

1.0 Gabatarwa

Manhajar adana sauye-sauye ita ce wadda ke riƙe tarihin duk gyaran da aka yi wa rubutu a kwamfuta, da wanda ya yi shi, da lokacin da ya yi. Wadda ta fi yaɗuwa a yau ita ce Git, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005. Batun ya shafi nazarin Hausa kai tsaye, domin a dandalin GitHub, wanda aka gina a kan Git, ƙungiyar HausaNLP ta ajiye rumbun NaijaSenti na 2022, mai ɗauke da dubban saƙonnin Twitter na Hausa.

2.0 Tushen Wahalar

Gyara yakan bi matakai uku a Git: wurin aiki, da wurin tanadi inda ake ware abin da za a adana, sannan rumbun tarihi. Mai koyo da bai bambance su ba yakan ɗauka ya adana aikinsa alhali bai wuce mataki na biyu ba. Haka kuma, umarni ɗaya, wato checkout, ya daɗe yana aiki biyu: komawa wani reshen aiki, da mayar da fayil yadda yake a da, wanda kan shafe gyaran da ba a adana ba. Sai a 2019 aka samar da switch da restore domin raba ayyukan.

3.0 Mai Koyo a Masarautar Kazaure

Ga ɗalibin da ya fito daga Gwiwa yana karatun kwamfuta a Kazaure ko Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, Git tana da fa'ida babba: kowace kwamfuta tana riƙe da cikakken tarihin aikin, saboda haka yana iya aiki ba intanet, ya aika daga baya. Sai dai kalmominta kwatance ne na Ingilishi. “Reshe” da “haɗewa” suna fassaruwa cikin sauƙi, amma commit ta ƙunshi adanawa da shaidawa gaba ɗaya. Idan aka ce “ajiya” kawai, ma'anar shaidar ta salwanta.

4.0 Kammalawa

Ya kamata masana harshe su zauna da masu rubuta manhaja su daidaita waɗannan kalmomi bisa aikin kowane umarni. Idan ba haka ba, kula da rumbunan Hausa zai rage a hannun waɗanda suka ƙware a Ingilishi kaɗai.