Daga Dajin Damisar Indiya Zuwa Bakin Kogin Wudil: Wa Ke Ƙirga Tsuntsayenmu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gadar Wudil da sassafe cikin hunturu, kafin motocin hanyar Maiduguri su cika titi, ya san kogin nan ba na masunta da masu ɗibar yashi da maginan tukwane kaɗai ba ne. Akwai zalɓe a tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, ga belbela na bin shanu a fadama, ga shirwa na shawagi a sama. Mu da muka saba da su, ko kallo ba su ishe mu ba. Amma mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa a wasu ƙasashe mutum kan biya kuɗin jirgi da na masauki, ya tashi tun asuba cikin sanyi, don kawai ya ga irin wannan abu da muke wucewa ta gefensa.

Bari mu ɗauki ƙasar Indiya, wadda Bahaushe ya fi saninta ta fina-finai da asibitoci. A can akwai wata irin damisa mai ratsi-ratsi wadda Turawa ke kira taiga, ta ma fi zaki girma. Farauta da saran daji sun kusa ƙarar da ita, sai a shekarar 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin ceto ta, aka keɓe gandun daji tara. A yau irin waɗannan gandaye sun haura 50. A wurare kamar Corbett da Ranthambore, safe da yamma akan ɗauki baƙi a buɗaɗɗun motoci, da ɗan jagora, a bi hanyoyin da aka tsara, kuma an ƙayyade yawan motocin da za su shiga. Ba kowa ke dacewa da ganin damisar ba, domin dabba ce mai ɓuya. Amma ba wanda ke komawa hannu rabbana, tun da a Corbett kaɗai an rubuta tsuntsaye sama da nau'i 500, ban da giwaye da bareyi da kadoji. Inuwar da aka yi wa damisa ita ce ta rufe sauran.

To, amma darasin da ya fi dacewa da mu ba a nan yake ba. A shekarar 2005 asiri ya tonu cewa a gandun Sariska babu damisa ko ɗaya da ta rage, alhali a takardun hukuma ana ta rubuta cewa suna nan. Mafarauta sun gama da su, ma'aikata na ta ƙirga sawu a ƙasa suna aika rahoto. Wannan abin kunya ya sa aka sauya salon ƙidaya, aka koma amfani da na'urorin ɗaukar hoto da ake ɗaurawa a jikin bishiyoyi. Ƙidayar 2006 ta nuna damisa 1,411 kacal a duk faɗin ƙasar, adadin da ya girgiza kowa. Zuwa 2022 kiyasin ya kai 3,682. Ashe gyara bai fara ba sai ranar da aka yarda aka ƙirga da gaskiya.

Yanzu mu dawo gida. Allah bai ba mu taiga ba, amma bai bar mu haka ba. Ruwan da ke wucewa ƙarƙashin gadar Wudil haɗakar Kogin Kano da Kogin Challawa ne, kuma shi ne ke gangarawa Haɗeja ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, inda aka rubuta tsuntsaye sama da nau'i 300. Da yawansu baƙi ne daga Turai da arewacin Asiya, waɗanda ke ƙetare Sahara kowace shekara don gudun sanyin ƙasashensu. Saboda su ne mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya ziyarci Dagona a 1989. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, sannan Baturiya ta Jihar Jigawa ta bi sahu a 2008. Idan kuma aka bi Kogin Kano zuwa kudu, sai a iske dajin Falgore, wanda tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya ya zama gandun namun daji. Wato Wudil tana tsakiya, daji a samanta, fadama a ƙasanta, kogi ɗaya ya haɗa su.

Tambayar ita ce, me ya rage daga wannan dukiya? Madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun kawo noman rani da ruwan sha, babu mai musun alherinsu, amma sun sauya yadda ambaliya ke shiga fadamun ƙasa, har ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Falgore kuwa shekaru da dama an fi jin sunansa a labarin ɓarayin shanu da masu satar mutane fiye da labarin namun daji. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mayar da shi da fadamar Haɗeja gandayen ƙasa, sai dai sanarwa daban, mai gadi a bakin daji daban.

Ba sai an je nesa ba. Mai karatu ya shiga kasuwar Kara ta Wudil ranar Juma'a, ya tambayi dattawan mahauta yaushe rabonsu da ganin ungulu ta cika kan bishiya kamar da. Ya tambayi yaran yau ko sun taɓa ganin gauraka da idonsu, tsuntsun da ake kira na ƙasa, wanda a yanzu da ƙyar ake samunsa a dajin Najeriya. A 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya ungulun da muka sani cikin jerin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe da cinikin sassan jikinta don tsibbu su ne manyan dalilai a yankinmu.

Wani zai ce ina ruwanmu da ungulu, ƙazamar tsuntsuwa? Indiya ta ba da amsa. A shekarun 1990 ungulayenta suka riƙa mutuwa har sama da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in suka ƙare, sai a 2004 aka gano cewa maganin diclofenac da ake yi wa shanu allura ne ke lalata musu ƙoda idan sun ci mushe. An haramta shi ga dabbobi a 2006, amma ɓarna ta riga ta auku: mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, cutar haukan kare ta ƙaru. Garin da arzikinsa ya rataya a kan shanu, kamar Wudil, bai kamata ya ji wannan labari ya kau da kai ba.

Ba muna kira ba ne a kwaikwayi Indiya ido rufe. A can an tayar da ƙauyuka da dama daga cikin gandaye, kuma har yau akwai masu kukan an zalunce su. Kogin Wudil abincin masunta ne da makiyaya da manoman rani, duk shirin da zai mayar da su abokan gaba ya mutu tun kafin a haife shi. Hasali ma su ne suka fi kowa sanin tsuntsayen. Manomin da ke duban zuwan shamuwa don ya san damina ta ƙarato, ai masanin tsuntsaye ne, takarda ce kawai ba shi da ita.

Abin da muke kira a yi ƙarami ne, bai kai kuɗin kwalbati guda ba. Tun 1967 ake gudanar da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya a kowane watan Janairu, kuma 'yan sa-kai ne ke yin mafi yawan aikin. A Wudil akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, mai ɗaliban kimiyyar halittu da na aikin gona. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ta horar da 'yan Najeriya da dama a wannan fanni. Me zai hana jami'ar ta keɓe wasu 'yan kilomitoci a bakin kogi, malamai da ɗalibai da masunta su riƙa fita da tabarau mai hangen nesa da littafin rubutu, su ƙirga abin da suka gani kowace shekara, su rubuta sunayen da Hausa kafin dattawan da suka san su su ƙare? Ma'aikatar muhalli ta jiha da masarauta su kuma su sa ido kan masu zuba guba da masu cinikin ungulu.

Baƙi masu kuɗi za su iya zuwa daga baya idan tsaro ya inganta, amma ba da su za a fara ba. Da ƙirga za a fara, domin Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma wanda bai san yawan garkensa ba, ba zai san ranar da aka fara yi masa sata ba. Allah Ya sa masu iko su ji, mu kuma Ya ba mu ikon riƙe amanar da Ya ba mu.