Maganin sankarar jini: kafin abinci ko bayan abinci? Gaskiya da jita-jita

Mai sankarar jini daga Kurmin Kogi, Ikara, Maƙarfi ko Kudan yakan je asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Malam Aminu Kano, ya ga likitan jini, ya dawo gida da ƙwayoyin da zai riƙa sha kullum. Da ya iso, sai 'yan dubiya su cika zaure, kowa da tasa shawarar kan yadda ake shan magani. Wasu shawarwarin gaskiya ne, wasu rabin gaskiya, wasu kuma suna iya halaka mutum. Ga tantancewa.

"Ba a shan maganin asibiti da yunwa." Rabin gaskiya ce. Ƙwayar da aka fi bai wa masu sankarar da ake kira CML ita ce imatinib, wadda aka fi sani da Glivec. Amurka ta amince da ita a 2001, kuma tun 2003 ake raba ta kyauta a asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Ita kam da abinci ake shan ta, a bi da babban kofi na ruwa, domin in ta tarar da ciki wayam tana kawo tashin zuciya da amai. Amma nilotinib, wato Tasigna, dokarta daban ce: kada a ci komai awa 2 kafin a sha, da awa 1 bayan an sha. Dasatinib kuwa ba ruwanta, ko an ci ko ba a ci ba. Cuta ɗaya ce, amma kowace ƙwaya da ƙa'idarta, don haka abin da likita ya faɗa wa maƙwabci ba lallai ya zama naka ba.

"Abinci yana kashe ƙarfin magani, shi ya sa ake hana ci." Ba haka ba ne. Ga nilotinib, abinci ƙara mata ƙarfi yake yi har ya wuce kima. Abinci mai maiƙo yana ƙara yawan maganin da ke shiga jini da kusan kashi 80 cikin 100, kuma hakan na iya rikita bugun zuciya, har a yanke jiki a faɗi. Kenan wanda ya haɗa ta da ƙosai ko waina bai taimaki kansa ba.

"Koko da shayi ai ba abinci ba ne." Kuskure ne. Koko, kunu, fura da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafin. Ruwa zalla kaɗai aka yarda da shi a cikin waɗannan awanni 3. Da yake sau 2 ake shan nilotinib a rana, da tazarar kamar awa 12, manomi na iya sha da ƙarfe 6 bayan sallar asuba, ya tafi gona da kokonsa ya karya da ƙarfe 7. Da yamma ya tsayar da ci daga ƙarfe 4, ya sha da ƙarfe 6, ya ci tuwo bayan magariba idan awa 1 ta cika.

"Yaro mai shan maganin sankara ba ya shan nono." Nan akwai tarihi. Yara masu sankarar jini da ake kira ALL suna shan mercaptopurine kullum tsawon shekara 2 ko fiye, kuma da can likitoci da kansu kan ce a ba su da dare, ciki babu abinci, a nisanta ta da madara. A 2017 aka wallafa wani bincike kan yara 441 a Amurka, wanda ya nuna cewa shan ta da abinci ko da madara, da safe ko da dare, bai ƙara dawowar cutar ba. Tsallake kwanaki ne ke ƙara ta. Saboda haka ba dalilin raba yaro da fura da nono gaba ɗaya. A tsayar da lokaci ɗaya, a bi tsarin da likitan yaron ya bayar. Iyaye su kuma kiyaye: methotrexate da ake haɗawa da ita sau ɗaya ake sha a mako, ba kullum ba.

"In ba a girka ba, gara a bari sai gobe, in an manta, a haɗa biyu." Duka kuskure ne. Mai shan imatinib ba sai ya jira tuwo ba, ɗumame ko ɗan biredi ya wadatar. Wanda ya manta har lokacin na gaba ya gabato, ya sha ɗaya kamar kullum, kada ya ninka. Binciken asibitin Hammersmith na Landan a 2010 ya nuna nauyin tsallake shan imatinib: cikin waɗanda suka sha fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsu, kusan kashi 95 sun kai matakin da ake so cutar ta lafa a gwajin jini, amma cikin masu tsallakewa kashi 28 ne kawai. Fashin kwana 3 a wata ya isa ya jefa mutum cikin rukuni na biyu.

"Akwai lemon da aka hana." Gaskiya ne, garehul ne da ruwansa, domin yana hana jiki narkar da imatinib, nilotinib da dasatinib sai su taru a jini. Lemon zaƙi bai shiga ciki ba. Haka maganin ƙwannafi yana rage shigar dasatinib jiki: wani ana raba shi da ita da awa 2, wani kuma ba a haɗa shi da ita sam, sai a tambayi likita. Mai yawan shan kunun kanwa ko jiƙo ya sanar da likita.

"Ana ajiye magani sai bayan azumi." Wannan ita ce mafi haɗari. Mai shan ƙwaya sau ɗaya a rana, likita na iya mayar masa da ita lokacin buɗa-baki. Mai shan nilotinib zai sha wuya wajen haɗa tazarar awa 12 da azumi, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. A tuntuɓi likita da malami tun a watan Sha'aban.

Tambaya ba ta ɓatar da matafiyi. Kafin ka baro Shika, ka sa likita ko mai ba da magani ya rubuta maka abu 3: sunan ƙwayarka, ƙarfe nawa za ka sha, kuma da abinci ko babu. Ka nuna wa wanda ke kula da kai a gida, kuma kada ka sauya komai sai likitanka ya ce.